Numfashin Inna a Hanyar Birmingham

Shekarun baya, lokacin da rawar kai take ɗibata fiye da yanzu, na sayi mota mai ɗaki a ciki, irin wadda mutanen ƙasar nan suke kira campervan. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata za su tuna hotunanta, farar nan mai ratsin shuɗi da nake jingina da ita ina murmushi kamar ni na ƙera ta. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne dalilin da ya sa hotunan suka tsaya cak. Jiya wani ya turo min saƙo yana tambayar wace na'urar tace iska zai saya wa tasa motar. Na fara rubuta masa amsa layi biyu, sai na ga layi biyu ba za su isa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba da labarin gaba ɗaya.

Motar ta hannu ce. Wani dattijon Bature ne ya sayar min, a wani ƙauye can bayan Stockport. Akwai gado a ciki, da kujeru biyu masu bel a bayan direba, da ɗan murhun gas, da wani banɗaki wanda in ka shiga sai ka yi shawara da gwiwoyinka kafin ka juya. Ranar da na je dubawa ƙofofin duk a buɗe suke, iska tana kaɗawa, ban ji komai ba. Sai da na kawo ta gida Levenshulme, a Manchester, ta kwana biyu a rufe, na zuge ƙofa, wari ya mare ni. Warin kare ne, wanda ya daɗe ya zauna daram. Na kira dattijon, ya amsa da fara'arsa ya ce ƙwarai kuwa, su biyu ne, shekara tara suna yawo tare, a kan gadon ma suke kwana. Har sunayensu ya so ya faɗa min.

Matata ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Kai da abarka," in ji ta. "Amma dai ka san Inna na zuwa next month ko?"

Na sani mana. Inna mahaifiyata ce, kuma saboda ita na fi ɗokin motar. Ƙanwata da ke aure a Small Heath, a Birmingham, ta kusa haihuwa, Inna za ta taso daga Kano ta sauka a wurinmu, in an haihu mu kai ta. Tana fama da gwiwa, ba ta iya zaman ƙaramar mota awa biyu ƙafa a lanƙwashe. Ni kuwa na riga na cika baki a waya cewa na samo motar da za ta miƙe ƙafa, ta yi alwala, ta yi salla, duk a ciki. To ga shi motar ta zama ɗakin karnuka. Inna kuma mace ce mai hanci, tun daga zaure take sanin an ƙona miya. Ba na jin za ta ce komai in ta gane, amma na san ba za ta sa goshinta a ƙasan motar ba, kuma kunyar hakan ta ishe ni tun kafin ta zo.

Dole in yi muku bayanin tsakanina da ita, domin yaran da suka tashi a nan ba za su gane ba. Ni ne ɗanta na fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun tasowata ni ne "wancan" ko "yaron nan". In tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce a zo a ci. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, na san tana sona, kowa ma ya sani. Haka muka saba, ni ma ba na iya haɗa ido da ita sosai.

Na shiga yaƙi da wari. Na jefar da katifar na sayi sabuwa, na wanke labule, na goge ko'ina da duk wani ruwan wanki da ke kanti. Matata ta kawo kaskonta ta yi turaren wuta har sau uku. Abin da muka samu shi ne kare mai ƙamshin amarya. Daga nan na koma neman na'urar tace iska, na kwana biyu ina duba su a waya. Akwai masu mataci a ciki, wato filter, fanka ta ja iska ta bi ta wata takarda mai kauri da garin gawayi ta fito. Akwai kuma waɗanda ba su da mataci sam, an ce wata iska mai suna ozone suke fitarwa, mai kashe wari daga tushe. Matata ta ce in sayi mai mataci in huta, ita ce irin wadda ake sawa a ɗakin yara. Na ce mata wannan sai ta yi wata shida tana lallaɓa wari, ni kuwa sati uku gare ni.

Ina da aboki mutumin Kumasi, yana da wurin wankin mota a bayan Stockport Road. Na kai masa motar, ya sa kai ciki ya fito yana dariya.

"Injiniya, wannan ba aikin filter ba ne. Ozone machine ake sa wa irin wannan. Ka kunna, ka rufe motar, ka tafi abinka, one hour. In ka dawo ka buɗe ko'ina ta sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Kana ji na? Kafin kowa ya shiga."

Na ce ina ji. Gaskiyar magana idona yana kan waya, na riga na fara neman inda ake sayarwa. Ya ce in bar masa motar ya yi min da tasa na'urar, na ce a'a, gara in mallaki tawa. Bayan kwana biyu aka kawo min wani ɗan baƙin akwati mai maɓallin murɗawa, da wayar da ake soka wa a soket ɗin mota. A jikin kwalin an rubuta cewa mai tsabtace iska ce, har da hoton ganye da raɓa. Akwai takardar bayani a ciki mai ƙananan rubutu. Ni injiniyan gini ne, shekara goma sha ina sa hannu a kan zanen benaye, sai na ga ai raini ne in tsaya karanta yadda ake kunna akwati mai maɓalli ɗaya. Na cusa takardar a aljihun mota.

Kuma ta yi aiki, wannan ne abin da ya cuce ni. Na kunna awa ɗaya na dawo, babu kare babu dalilinsa, sai wani ƙamshi mai kaifi irin na bayan an yi ruwa da tsawa. Na kira matata ta shaƙa, na tsaya ina jiran yabo. Sai dai bayan kwana biyu warin yakan dawo kaɗan kaɗan, don ya riga ya shiga katakon motar. A nan ne na yi lissafin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce tunda awa ɗaya tana korar wari na kwana biyu, ai in aka bar ta tana aiki a hankali duk tsawon tafiya, warin ba zai ma samu damar ɗago kai ba.

Inna ta iso lafiya. Bayan kwana goma ƙanwata ta haifi ɗa namiji, suna ya kama ranar Lahadi. Matata ta ɗauki yara a ƙaramar mota tun ranar Alhamis don ta taya aiki, ni da Inna za mu bi su ranar Asabar. Da hannuna na ɗauki babban akwatin Inna, mai yajin jego da daddawa da kayan jariri, na sa a motar matata don a rage mana kaya. Ban tambaya ba ko akwai abin da za ta buƙata a ciki. Inna tana da asma tun muna yara, amma takan yi shekara ba ta tashi ba, har mukan manta da ita. Jakar magungunanta tana cikin akwatin nan, ta ga na ɗauka, ba ta ce komai ba.

Ranar Asabar da hantsi na taimaka mata ta hau, na ɗaura mata bel, na sa matashi a ƙarƙashin gwiwar. Ana sanyi, don haka na rufe tagogin baya ruf na kunna hita don motar ta yi ɗumi. Sannan na ɗauko baƙin akwatin na ajiye a kan ɗan teburin da ke gabanta, bai fi kamu biyu daga fuskarta ba.

"Inna, wannan saboda ke na saya. Iska take wankewa, har ta fi ta waje kyau."

Ta dubi taga ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka."

Na murɗa maɓallin na koma gaba ina jin kaina. Tagar gefena na ɗan sauke ta kaɗan, don hita tana sa ni gyangyaɗi. Wannan 'yar kafar ce ta sa ni ban ji komai ba.

Mun hau babbar hanya ba da daɗewa ba na fara jin tari a baya, busasshe, ɗaya bayan ɗaya. Na duba madubi na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce lafiya lau, a kula da hanya. Na ci gaba da tuƙi. Da tarin ya ƙi tsayawa sai na ratse a wurin hutawar matafiya, na ce bari in samo mata shayi mai zafi. Na zaga baya, na ga idanunta sun yi ja. Na ce a raina ƙurar hita ce, motar ta tsufa. Kun san abin da na yi? Na kama maɓallin nan na murɗa shi har ƙarshe, don ya ƙara wanke mata iskar. Na ja ƙofa na rufe ta a ciki, na tafi na bi layin shayi, har na tsaya zaɓen biskit.

Da na dawo ta karɓi kofin da hannu biyu, ba ta sha ba. Na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi, na ɗora laifin a kan yajin da na ci da safe. Na sake tambaya ko lafiya, ta gyaɗa kai. Na tayar da mota.

Bayan mun wuce Stoke akwai wani yanki na hanyar da babu gefen tsayawa, layi huɗu ne duk mota ke gudu a kai, sai can jefi jefi an ware wani ɗan fili mai launin ruwan lemo don wanda ya lalace. Ina layin hagu, tirela a gabana, tirela a bayana, ana yayyafi. Na lura tarin ya tsaya, har na ji daɗi, na ce na'ura ta yi aikinta. A lokacin ne na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, da wata murya siririya da ban sani ba. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, ban taɓa jin sa a bakinta ba. Tun kafin in ɗaga ido zuwa madubi na riga na san babu ƙaramin abin da zai sa Inna ta yi haka.

Ta sunkuyo gaba iyakar inda bel ya bar ta, hannuwanta a kan gwiwa, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Shayin ya zube a ƙasa. Bakinta a buɗe yake, leɓɓanta sun yi toka toka, kuma duk da ƙarar injin ina jin wani fito yana fita daga ƙirjinta. Tarin bai tsaya don ta samu sauƙi ba, iskar yin tarin ce babu.

"Inna, ina inhaler ɗinki? Abin shaƙar, yana ina?"

Ta ɗaga hannu ta nuna gaba, can inda hanya ta miƙe. Na gane. Yana Birmingham, a cikin akwatin da na ɗauka da hannuna.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji. Ba zan iya tsayawa ba, in na taka birki tirelar baya za ta bi ta kanmu. Ba zan iya juyawa in taɓa ta ba. Na sauke tagogin gaba duka biyu, na kunna fitilun gargaɗi, ina ta salati da ƙarfi, ina cewa Inna ki riƙe, Inna saura kaɗan, ni kaina ban san saura nawa ba. Na ga allo ya nuna akwai wurin tsayawa nan da mil ɗaya. Ina duba madubi ina duba hanya, duk dubawa sai in ga kanta ya ƙara yin ƙasa. Tunanin da ya riƙa zuwa min shi ne yadda zan kira ƙanwata, mai jego kwana shida, in ce mata na taho da Inna amma ban iso da ita ba.

Da na shiga filin na ja birki, na diro na zaga da gudu na zuge ƙofar baya. Abin da ya fito ya bugi fuskata ba ƙamshin bayan ruwa ba ne, wani kaifi ne kamar an tuntsurar da ruwan bilic a ɗaki rufaffe. Idona ya kawo ruwa nan take, na fara tari. Baƙin akwatin yana kan tebur yana ta ɗan zuzunsa. Sai a lokacin maganar abokina ta dawo min da muryarsa da komai, kafin kowa ya shiga. Na fizge wayar daga soket har ta tsinke.

Na kwance bel ɗin na ɗauke ta cak. Rabon da jikina ya haɗu da nata haka tun ina goye, ban san ta zama marar nauyi haka ba. Na tsallaka da ita ƙarfen gefen hanya na zaunar da ita a kan ciyawa mai jiƙe, na jingina bayanta da ƙirjina don ta zauna a miƙe. A cikin wannan halin, tana neman numfashi, hannunta ɗaya yana ƙoƙarin gyara mayafin da ya zame.

Na kira lambar gaggawa. Ni da nake jagorantar taro da Turanci kullum, ranar sai Turancin ya gudu ya bar ni. Matar da ta ɗauka ta riƙa tambayata a natse, tana numfashi, tana iya magana, wane launi leɓɓanta suke, me aka rubuta a allon da ke kusa da ni. Na riƙa amsawa da guntu guntu. Ta ce kada in kwantar da ita, in riƙa yi mata magana, motar asibiti tana hanya. Na ajiye wayar a ciyawa na sa bakina kusa da kunnen Inna ina ja mata numfashi tare, ja, sauke, ja, sauke. Tireloli suna wucewa suna watsa mana ruwa. Akwai lokacin da fiton ƙirjin ya ragu har na daina ji, kanta ya kwanto a kafaɗata, na girgiza ta na ce Inna kada ki yi min haka. Ta ɗan matsa hannuna.

Ban san minti nawa aka yi ba kafin motar asibiti ta iso. Mutum biyu suka diro, mace da namiji, suka rufe mata hanci da baki da wani abu mai fitar da tururi, suka yi mata allura. Macen ta leƙa motata don ɗauko jakar Inna, ta fito da sauri tana tari, baƙin akwatin a hannunta. Ta tambaye ni tun yaushe yake kunne. Na ce tun daga Manchester.

"With her inside?" in ji ta, wato Inna tana ciki?

Na ce eh. Ta ajiye shi a ƙasa ta koma wurin Inna. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A asibitin da ke kusa aka kwantar da ita. Zuwa la'asar numfashin ya fara daidaita, matata ma ta iso daga Birmingham, jakar magani a hannu, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Likita ya zo yana son ya san yadda abin ya fara, matata tana fassara. Ni ina tsaye a bayan labule, na kasa shiga. Ya tambaya yaushe ta fara jin ƙirjinta ya riƙe. Inna ta ce tun kafin mu fita daga unguwa. Likitan ya ce a tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ko da muka tsaya shan shayi.

Na ji matata ta tambaye ta a hankali. Na ji amsar, da muryar da ta dishe.

"Na ga yana murna da abinsa. Ya ce saboda ni ya saya."

Na fita na samu wani benci a baranda na zauna, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu. Wata tsohuwar Baturiya da ke jiran a duba ta ta miƙo min tishu.

Kwana biyu Inna ta yi a asibiti. Sunan da ta tsallako teku dominsa aka yi babu ita, a waya ta kalli jikanta ana ɗaga shi, ƙanwata tana kuka a ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya kira yi mata sannu sai ta ce sanyin ƙasar nan ne bai karɓe ta ba. Ni na ƙi yarda da wannan rufin asirin, na faɗa wa ƙanwata da mijinta gaskiya a falonsu na Small Heath, kaina a ƙasa. Ƙanwata ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya, kuma ban ga laifinta ba. Abokina mai wankin mota da na ba shi labari ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Injiniya, da ka bar min motar." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kafin Inna ta koma gida na tattara ƙarfin hali na faɗa mata dalilin sayen na'urar, wato zancen karnukan. Ta juya wajen matata kamar ba ni ne na yi maganar ba.

"Ai tun ranar da aka nuna min motar na ga gashinsu a maƙale a ƙasan kujera. Da an shimfiɗa tabarma ai shi ke nan."

To ɗan'uwa mai tambaya, ga amsarka. Ka sayi mai mataci, wadda iska ke bi ta cikinta ta fito, kuma ka karanta kwalin da takardar ciki har ƙarshe. In ka ga an ambaci ozone, ka sani wannan ba ta zama da mai rai ba ce, ta mota ce wadda babu kowa a ciki, kuma gara ka bar wa masu sana'ar. Mota ɗaki ne ƙarami ƙwarai, abin da zai ɓace a falo a nan taruwa yake yi. Ka bar kafar iska a baya, ba a gefenka kaɗai ba. Maganin mai asma kuma ya zauna a hannunsa, kada ya bi akwati. Takardar tawa na ciro ta daga aljihun mota bayan sati guda, gargaɗin yana layin farko da jan rubutu.

Amma abin da ya fi zauna min ba na na'ura ba ne. Sau biyu na tambayi Inna ko lafiya, sau biyu ta ce lafiya, ni kuma na karɓa don amsar da nake so ke nan. Na san irin tarbiyyar da aka yi mata, na san mace ce da za ta gwammace ta shaƙe da ta kunyata ɗanta a kan kyautar da ya ba ta. Sanin nan yana kaina, amma na tambaye ta ta madubi ina gudu, kamar yadda ake tambayar abokin aiki. Iyayenmu da yawa haka suke, in ka tsaya jiran su ce wayyo, ka makara. Sai ka tsaya, ka zauna, ka dubi fuskarsu, ko da kunya za ta kashe ku ku biyun.

Motar na sayar da ita a bazarar da ta biyo baya, na kasa sake kallon kujerar nan. Inna tana Kano lafiyarta ƙalau, sai gwiwa. Abin da ya rage min shi ne wata ɗabi'a da na kasa bari. Duk lokacin da na kira ta, bayan gaisuwa sai in yi shiru in manna wayar a kunne, ina sauraren yadda iska ke shiga da fita, ko zan ji fiton nan. Na ɗauka ba ta lura ba. Makon jiya na kira, na yi shirun nawa kamar kullum. Sai na ji ta ja numfashi dogo, da gangan, ta sauke shi a kan wayar, ta sake ja ta sake saukewa.

Ta ce, "To, an ji? Sai a bar ni in je in yi la'asar."